Majigin Ostireliya da Hannun Malamai a Cikinsa

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshenmu a ƙarshen zango

 

Ranar da kwamitin ilimi ya nemi in yi magana a wannan zama, na ce a kan finafinan ƙasar Ostireliya zan yi. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya yi shiru yana dubana. Na san abin da ke ransa: ga kuɗin ƙarin girma ba a biya ba, ga aji mai ɗalibi ɗari, me ya kai mu wata uwa duniya da sai jirgin sama ya kusa kwana yana tafiya kafin a isa? Tambayar tasa tana kan hanya, kuma ina fatan kafin in zauna ya sami amsa.

Ostireliya ƙasa ce mai faɗin gaske, amma mutanenta kimanin miliyan 27 ne kacal. Harshen da suke aiki da shi Ingilishi ne, wato harshen Amurka da Ingila, ƙasashe biyun da suka cika duniya da finafinai. Saye ya fi musu sauƙi da arha nesa ba kusa ba a kan su yi nasu. Duk da haka sun yi nasu, har duniya ta shaida. Kyautar Oska ta farko da ta shiga ƙasar, a 1943, fim ɗin gaskiya ne ya ciyo ta, wato irin fim ɗin da ba a ƙaga labarinsa ba, mutanen da ke ciki su ne da kansu. Sunansa Kokoda Front Line!, wanda Damien Parer ya ɗauka a fagen yaƙin duniya na biyu a tsibirin Niugini. A fannin gajeren zane mai motsi sun ci Oska da Leisure a 1977, da Harvie Krumpet na Adam Elliot a 2004, wanda da yumɓu aka ƙera mutanen cikinsa, sannan The Lost Thing a 2011. A bikin Kan na ƙasar Faransa, gajerun finafinansu sun ɗauki babbar kyauta fiye da sau ɗaya. Ba zan tsaya lissafi ba, domin kyauta ado ce, kuma ba adon ne ya kawo ni ba.

Abin da ya kawo ni shi ne ruwa ba ya tsami banza. Da na bi sawun shirye-shiryen yara na ƙasar, ina neman inda suka samo tushe, sai na riƙa cin karo da malamai a kowace kwana.

A shekarun 1970, gidajen talabijin na 'yan kasuwa a Ostireliya suna cika lokacin yara da katun na Amurka da tallan alewa, domin shi ne mai arha. Wata malamar jami'ar La Trobe da ke Melbon, Patricia Edgar, tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan sai an gyara. Ita ta shugabanci kwamitin da hukumar kula da gidajen watsa labarai ta kafa a kan shirye-shiryen yara, kuma daga 1979 aka fara aiki da wata ƙa'ida: kafin a kira shiri na yara, sai an tantance shi an ba shi harafin C. Sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta. A yi shi musamman domin yara, kada a ɗauko na manya a ce su ma su kalla. Ya kasance mai daɗin kallo. A yi shi da kyau, da isassun kayan aiki. Ya ƙara wa yaro fahimta, ya kuma dace da yaron Ostireliya. Daga baya doka ta tsaya a kan cewa kowane gidan talabijin na kasuwa sai ya nuna awa 260 na irin wannan a shekara, da awa 130 na ƙananan da ba su shiga firamare ba, kuma a cikin na ƙananan nan ba a yarda a sa talla ba ko ɗaya. Masu gidajen sun yi ta gunaguni, suna cewa asara ce. Ba a saurare su ba.

Sai dai doka tana iya tilasta a nuna, ba ta iya haifar da abu mai kyau. Saboda haka a 1982 aka kafa gidauniyar shirye-shiryen talabijin na yara ta ƙasar, Edgar ta riƙe ta shekara 20. Ku lura da inda ta fito: majalisar ministocin ilimi na tarayya da na jihohi ce ta amince da kafa ta. Ministocin ilimi na ce, ba na watsa labarai ba. Sun ɗauki abin da yaro ke kallo da yamma a matsayin ci gaban abin da ya koya da safe. Daga wannan gidauniya aka sami Round the Twist, labarin wasu yara uku da mahaifinsu da ke zaune a hasumiyar fitila ta bakin teku, wanda aka gina a kan labaran Paul Jennings, shi ma tsohon malami. Shirin cike yake da shirme irin na yara, da fatalwa da abin dariya na banɗaki, har wasu manya suka ƙi shi tun yana takarda. Yara kuwa suka rungume shi, aka sayar da shi ƙasashe da dama.

Akwai kuma ƙungiyar da ta fi kama da tamu, mai suna Australian Teachers of Media, wato malaman da ke koyar da fim da kafofin watsa labarai a makarantu. Tun farkon shekarun 1980 suke ba da kyaututtukansu duk shekara, kuma a dandali ɗaya ake karrama ƙwararren mai shirya fim da ɗalibin sakandare ko na firamare da ya ɗauki nasa. Babban aikinsu, a ganina, shi ne jagoran malami. Fim ya fito, sai a sa malami ya zauna ya rubuta 'yan shafuka: ga abin da za ka tambayi ɗalibai kafin kallo, ga inda za ka tsayar, ga darasin manhajar da ya shafa, ga aikin gida. Sun rubuta ɗaruruwan irin wannan. Mai shirya fim ɗin gaskiya a can ya san cewa bayan sinima da talabijin akwai kasuwa ta uku, ita ce aji, kuma mabuɗinta yana hannun malami.

Kada in sa ku zaci aljanna ce. Gidan talabijin na gwamnati, ABC, yana da wani shiri, Behind the News, da ke warware wa 'yan makaranta labaran mako cikin harshen da za su gane. An fara shi a 1968, ana kallonsa a cikin aji. A 2003 aka soke shi saboda ƙarancin kuɗi. Koke ya yi yawa, aka dawo da shi a 2005. Wancan ya tsira. Dokar awa 260 ba ta tsira ba. A watan Afrilu na 2020, da annobar korona ta zo, gwamnati ta dakatar da ita da sunan rage wa gidajen kasuwa nauyi, daga farkon 2021 kuma aka sake tsarin gaba ɗaya, babu sauran kason yara na dole. Nan da nan sababbin shirye-shiryen yara a gidajen kasuwa suka faɗi warwas. Ginin shekara 40 ne aka zare wa ginshiƙi cikin 'yan watanni. Mu 'yan ƙungiya mun san wannan karatu. Haƙƙin da aka ci da gumi, ranar da aka ce a ɗan jingine shi na wucin gadi, to a fara yi masa addu'a.

Na san wasunku sun matsu in zo kan Bluey, domin 'ya'yanku sun gama muku da data a kansa. Joe Brumm ne ya ƙirƙire shi, kamfanin Ludo na birnin Birisben ya zana, aka fara nunawa a ABC ranar 1 ga Oktoba 2018. Kowane kashi kimanin minti 7 ne. Ya ci kyautar Emmy ta duniya ta shirin yara, ya ci Peabody, kuma a 2024 babu shirin da aka fi kallo ta intanet a Amurka kamarsa. Iyalin karnuka ne, na kuma san yadda wasu iyayenmu ke ji da kare. Wannan kowane mai gida shi ya san abin da zai bari ya shiga gidansa. Ni abin da na gani a ciki shi ne uba da ke durƙusawa ƙasa ya yi wasa da 'ya'yansa mata biyu, da yara da ke koyon rabo da haƙuri da jure faɗuwa ta hanyar wasan da su suka ƙaga. Ba a koyar da baƙi ko lissafi a ciki, amma malamin rainon yara zai ƙaru da shi fiye da wasu bitocin da ake tara mu a ba mu ruwan leda. Wani abin lura kuma: ABC da sashen kasuwanci na BBC ne suka haɗa kuɗi aka yi shi, amma haƙƙin sayar da shi a duniya da na kayan wasa yana hannun BBC. 'Yan Ostireliya da yawa suna cizon yatsa a kan haka har yau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu bari in zo kan fim ɗin da ya hana ni barci, wanda saboda shi na zaɓi wannan batu.

Sunansa In My Blood It Runs, na 2019, Maya Newell ce ta ba da umarni. Kafin Turawa su kafa zango a Sidni a 1788, ƙasar tana da mutanenta, waɗanda suka shekara dubbai a cikinta, da harsuna fiye da 250. Yau kaɗan ne daga cikin harsunan yara ke tashi da su. Fim ɗin ya bi wani yaro ɗan shekara 10, Dujuan Hoosan, ɗan ƙabilun Arrernte da Garrwa, a garin Alice Springs da ke tsakiyar hamada. Yaron yana jin harshe uku. Ya san daji, ya san itatuwan magani, danginsa suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya gaji baiwar warkarwa. A gida mai daraja ne. A makaranta kuwa sakamakonsa na can ƙasa, yana gudun aji, ana dakatar da shi, har ya fara yawon dare, 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a suka fara sanin sunansa. A yankin nasu, yaro ɗan shekara 10 doka ta yarda a kama shi a tsare, kuma kusan duk yaran da ke tsare 'yan asalin ƙasar ne.

Akwai wurin da kyamara ta shiga aji. Malama tana karanta wa yara labarin Kyaftin Cook, wanda ya iso gaɓar ƙasar a 1770 ya kafa tutar Ingila. Yaran da ke zaune a gabanta jikokin mutanen da aka tarar ne. Kyamara ta tsaya a fuskar Dujuan. Bai yi rashin kunya ba, bai ce uffan ba, amma kana gani ka san ya bar ajin tun kafin ƙafarsa ta fita.

Na kalli wurin nan sau uku. Karo na farko haushin malamar na ji. Karo na biyu tausayinta ya kama ni, domin ba muguwa ba ce. Littafin da ke hannunta take karantawa, cikin harshen da aka ce ta yi amfani da shi, kuma ga alama ta gaji. A 2008 gwamnatin yankin ta ba da umarnin cewa awa huɗun farko na kowace ranar makaranta da Ingilishi za a yi su, abin da ya karya lagon makarantun da tun 1973 suke koyarwa da harshe biyu. Ba malaman aji ne suka yanke wannan ba, amma su ake gani. Karo na uku kaina na gani. Na tuna wani yaro da na taɓa koyarwa, ɗan makiyaya, wanda ya iya Fulatanci da Hausa, ya san kowace saniya ta gidansu da kamanninta, ya san ciyawar da ke kumbura ciki da wadda ke kawo nono. Ni kuwa da jan biro na rubuta a takardar sakamakonsa cewa ba ya fahimta. Ban taɓa tambayarsa abin da ya sani ba, ko sau ɗaya. Zango na gaba bai dawo ba. Allah Ya yafe mana.

Dujuan ya fi nawa yaron sa'a, domin yana da kaka da uwa da suka ƙi sakin hannunsa. Suka riƙa kai shi ƙasar kakanninsa, daga baya aka tura shi wurin mahaifinsa a Borroloola, can arewa, nesa da titunan gari. A watan Satumba na 2019, yana da shekara 12, ya tsaya gaban majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Janeba, ya nemi a daina ɗaure yara 'yan shekara 10, a kuma bar mutanensa su ja ragamar karatun 'ya'yansu. Yankin ya ɗaga shekarun zuwa 12 a 2023. Da gwamnati ta canja a 2024, aka mayar da su 10. Wanda ya ce muku fim yana gyara duniya shi kaɗai, ku ba shi wannan labari.

Wani abu game da yadda aka yi fim ɗin ya cancanci ambato. Ba a zo an ɗauki hoton talakawa an tafi ba. Dangin yaron suna cikin masu yanke shawara, ana nuna musu abin da aka ɗauka, wani lokaci ma kyamarar tana hannun yaron. Duk wanda ya taɓa ganin baƙi sun shigo makarantarsa sun ɗauki hoton yara a zaune a ƙasa, suka tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba, ya san bambancin.

Ta ɗaya gefen, akwai ƙoƙarin da aka yi na tarar matsalar tun daga tushe. Little J & Big Cuz zane ne mai motsi da aka fara nunawa a 2017 a NITV, gidan talabijin na 'yan asalin ƙasar, ya kuma ci kyautar Logie ta shirin yara a 2018. Cibiyar binciken ilimi ta ƙasar tana cikin waɗanda suka assasa shi. Yara biyu ne da ke zaune da kakarsu, suna zuwa makaranta, kuma abin da kaka ta koya musu a daji yana da kujera a cikin aji, malamarsu tana tambaya tana saurare. Manufar ita ce yaro ya saba da makaranta kafin ya shiga, makarantar ita ma ta shirya karɓarsa. An juya shi zuwa harsunan ƙasar da dama, irin su Arrernte da Pitjantjatjara, wasunsu masu magana da su 'yan dubbai ne. Mu da harshenmu ke da masu magana miliyoyi, da masana'antar fim a Kano da ke aiki dare da rana, sai mu tambayi kanmu shiri nawa aka zauna aka yi domin ɗan shekara biyar. Tun 1977 aka rubuta maganar fara karatu da harshen uwa a manufar ilimi ta ƙasa, kowa kuma ya san kai da komowar da aka yi ta yi a kanta. Dattawan da ke zaune a gaba sun ga zamanin majigi, lokacin da mota ke zuwa ƙofar fada a kafa farin ƙyalle a nuna Baban Larai. Koyarwa da hoto ba baƙuwarmu ba ce.

Na gwada abin da nake faɗa, don kada a ce faɗa da baki. Na ɗauki The Lost Thing, na Shaun Tan da Andrew Ruhemann, minti 15 ne, na kai wa 'yan aji shida a kwamfutar aro. Labarin wani saurayi ne mai tara murafun kwalba, ya tsinci wata ƙatuwar halitta ja a bakin teku, ba dabba ba, ba inji ba, ta ɓata. Kowa yana wucewa, ba wanda ya kula. Ya kai ta gida, iyayensa ma da ƙyar suka ɗaga kai. Ya kai ta wani ofishin gwamnati mai duhu inda ake ajiye abin da ba shi da gurbi, aka tula masa takardun cikewa. A ƙarshe ya samar mata wurin da ire-irenta ke zaune cikin walwala, shi kuma ya girma, ya shiga hidimar duniya, ya rage ganin irin waɗannan abubuwa.

Na kashe muryar Ingilishin, na ce su za su ba da labarin da Hausa. Na tsayar sau huɗu ina tambaya. Aji ya kaure. Wani ya ce tukunyar dambu ce ta yi ƙafa. Da na tambaye su wane ne ɓataccen abu a garinmu, wanda kowa ke wucewa bai gani ba, sai wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba tun farkon zango ta ɗaga hannu ta ce, almajirin da ke wanke mana kwano. Aka yi tsit. Washegari yara 14 suka kawo rubutu ba tare da na ɗaga bulala ba. Da na kunna fim ɗin na koma ofis shan shayi, da ba a sami ko ɗaya ba. Tambayoyin ne suka yi aikin, kuma daren jiya na zauna na shirya su.

Saboda haka ga roƙona ga reshe, malam shugaba. Ba na neman a kai kuka ko'ina. Ina neman mutum biyar, daga firamare da sakandare, mu zauna sau ɗaya a wata. Mu zaɓi gajeren fim ɗaya, na gida ko na waje, mu kalle shi tun daga farko har ƙarshe mu tabbata ya dace da tarbiyyarmu, sannan mu rubuta masa jagoran malami da Hausa, shafi biyu, a buga a wannan mujalla tamu. In mun yi goma, sai mu ɗauke su mu je wurin masu shirya finafinai da gidajen talabijin na jiha, mu ce ga abin da aji ke buƙata, ga kuma malaman da za su duba rubutun kafin a ɗauka. Batun wuta na sani. Makarantu uku a reshen nan suna da sola, shugabanninsu kuma suna zaune a ɗakin nan, ina ganinsu suna sunkuyar da kai.

Na bar takarda a wurin malama sakatariya, mai so ya rubuta sunansa da makarantarsa kafin a tashi. Zaman farko Asabar ta biyu bayan komawa hutu, bayan sallar la'asar, kuma In My Blood It Runs za mu fara kallo, mu kaɗai, ba ɗalibai.